Abin da Ya Raba Gidan Angilikan

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-41, Romawa 14:1-23

  

Tun watan Oktoba na 2025 wata magana take yawo a ƙofar majami'u da cikin kasuwa. Wani ya ce, "Angilikan sun rabu." Wani ya ce, "Ai mace aka ba shugabanci, shi ya sa." Wani kuma ya ce a'a, maganar auren namiji da namiji ce. Kowannensu ya taɓa gaskiya, amma ba wanda ya faɗe ta duka. Yau ina so mu zauna mu warware zaren a hankali, domin in ɗanka ya tambaye ka, kada ka ba shi jita-jita.

Wataƙila ka ce, "Ni ɗan ECWA ne," ko ki ce, "Ni 'yar COCIN ce, ina ruwana da rigimar Angilikan?" Da ruwanka, ɗan'uwana. Ƙungiyar CMS, wato hannun bishara na Angilikan, ita ta aiko Likita Walter Miller wanda ya zauna Zariya tun 1905, ya kuma yi babban aiki cikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Mu da muke da harsunanmu dabam dabam, da wannan juyi kakanninmu suka fara karanta Maganar Allah. 'Yan CMS ne suka buɗe tashar mishan a Panyam a 1907, kafin a miƙa ta ga mishan na SUM. Ban da wannan, muna auratayya da su, muna binne matattunmu tare, ranar da aka tashi ƙona majami'u kuwa ba a tambayar wace ɗarika ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Da fari sai mu san yadda aka gina gidan, gama wanda bai san ginin ba, ba zai gane inda ya tsage ba. Ikilisiyar Ingila ta fita daga ƙarƙashin Paparoma a 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Duk inda mutanen Ingila suka je da mulki ko da bishara, ikilisiyarsu ta bi su. Samuel Ajayi Crowther, yaron nan na ƙasar Yarabawa da aka kama bawa aka kuma 'yantar, ya zama bishop a 1864, baƙar fata na fari a wannan ɗarika. Sannu a hankali 'ya'ya suka girma, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Ikilisiyar Angilikan ta Nijeriya ta fara cin gashin kanta ran 24 ga Fabrairu, 1979. Irin waɗannan ikilisiyoyi masu 'yancin kansu sun kai 42, a ƙasashe fiye da 165, jama'arsu kuwa akan ƙiyasta su kamar miliyan 85.

Ku ɗauki misalin babban gida irin namu na ƙauye. 'Ya'ya maza sun yi aure, kowa da sashensa, kowa da rumbunsa. Akwai dattijon gida. Shi yake kiran taro, shi yake fara magana, ana girmama shi. Amma ba shi da mabuɗin rumbun kowa. Haka Babban Bishop na Kantabari yake. Shi ba Paparoma ba ne. Ba shi da ikon naɗa bishop a Jos, ba shi da ikon tsige bishop a Amurka. Ban da shi akwai igiyoyi uku da suke ɗaure gidan: taron bishop-bishop na Lambeth da akan yi kusan kowace shekara goma, wata majalisar shawara wadda ta haɗa har da waɗanda ba limamai ba, wadda ta fara zama a Limuru ta ƙasar Kenya a 1971, sai kuma taron shugabannin ikilisiyoyin. Ba ko ɗaya cikinsu da zai iya kafa doka ta ɗaure kowa. Tun taron Lambeth na fari a 1867 aka yarda cewa taron shawara ne kawai. Ku riƙe wannan da kyau. Muddin 'yan gida suna jin kunyar juna, irin wannan zama yana da daɗi ƙwarai. Ranar da wani ya ce, "Na ji shawararku, amma zan yi abin da na ga daidai ne," ba sandar da za a ɗauka.

To, mu zo ga maganar mata.

Ba jiya aka fara ta ba, ba kuma a Ingila ko Amurka aka fara ba. A 1944 ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Japan sun mamaye Hong Kong, masu bi da suka gudu zuwa Makau ba su da wanda zai ba su Jibin Ubangiji. Sai Bishop Ronald Hall ya ɗibiya hannu a kan wata mace 'yar Sin mai suna Florence Li Tim-Oi, ya naɗa ta firist. Da yaƙi ya ƙare aka yi ta gunaguni, sai ta ajiye takardar izinin aikinta don a zauna lafiya. Shekaru suka wuce. Ikilisiyar Amurka ta yarda da naɗa mata a 1976, ta kuma naɗa mace ta fari bishop, Barbara Harris, a 1989. Ingila kanta ta yi jinkiri: sai a 1994 aka naɗa mata firistoci a can, bishop mace ta fari kuwa sai a 2015.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Afirka ba bakinta ɗaya a kan wannan magana ba. Bishop Festo Kivengere na Uganda, mai wa'azin farkawa wanda ya tsere daga hannun Idi Amin, wanda ba mai iya cewa ba ya ƙaunar Littafi Mai Tsarki, ya naɗa mata firistoci a 1983. Kenya, da Ruwanda, da Uganda duk suna da mata firistoci. Swaziland ta naɗa Ellinah Wamukoya bishop a 2012. Sudan ta Kudu ta naɗa mace bishop a ƙarshen 2016, Kenya kuma ta naɗa biyu a 2021. Nijeriya ce take cikin waɗanda suka ce a'a. A 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya naɗa mata uku, ikilisiyar ƙasa ta ce naɗin bai karɓu ba. Har yau Angilikan ta Nijeriya ba ta naɗa mace firist.

Kowane ɓangare da Littafi Mai Tsarki a hannu yake magana. Masu cewa a'a sukan buɗe 1 Timoti 2:11-12, inda Bulus ya hana mace koyarwa ko riƙe iko a kan namiji, da 1 Korintiyawa 14:34, su kuma tuna mana cewa manzanni goma sha biyu da Yesu ya zaɓa duk maza ne. Masu cewa i sukan buɗe Romawa 16, inda Bulus ya yabi Fibi mai hidima a ikilisiya, su nuna Biriskilla wadda ita da mijinta Akila suka gyara wa Afolos koyarwarsa, da Debora da ta yi wa Isra'ila shari'a, da 'ya'yan Filibus mata huɗu masu annabci, da Maryamu Magadaliya wadda aka fara aika da labarin tashin Ubangiji. Sukan ce maganar Bulus ga Timoti ta shafi wata matsala ce ta Afisa a wancan lokaci. Masu cewa a'a su amsa, su ce Bulus da kansa ya kai dalilinsa har ga Adamu da Hawwa'u, saboda haka ba maganar gari ɗaya ba ce.

Mu ma a nan haka muke. Ikilisiyar Lutheran ta LCCN, mai tushe a Numan, tana da mata fastoci. ECWA ba ta naɗawa. Amma muna zama a benci ɗaya a taron CAN, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa ya bar Almasihu. Kuma bari in faɗi wannan a gefe: duk wanda ya taɓa aikin bishara a ƙauye ya san cewa in Zumuntar Mata ta janye hannunta wata ɗaya, fasto zai kwana da yunwa, rabin bencina kuma za su zama wofi. Saboda haka ko wane ra'ayi mutum ya riƙe, ya yi maganar da ladabi.

Abin lura shi ne, maganar mata ta girgiza gidan Angilikan, waɗansu ma sun fita sun koma Katolika, amma bangon bai faɗi ba. A taron Lambeth na 1988 suka yarda kowace ikilisiya ta girmama shawarar 'yar'uwarta, su ci gaba da zumunta gwargwadon iko. Suka ɗauke ta a matsayin irin abin da Romawa 14 yake magana a kai, inda masu bi na gaskiya sukan saɓa, kowa yana ƙoƙarin gamsar Ubangiji.

Magana ta biyu ita ce ta tsaga bangon. Na san akwai yara kusa da rediyo, saboda haka zan faɗe ta da kunya, amma ba zan ɓoye ba. Ita ce maganar namiji da yake zaman aure da namiji, da mace da mace: ko ikilisiya za ta sa wa irin wannan zama albarka, ko kuma za ta naɗa mai irin wannan zama ya yi kiwon garke.

A taron Lambeth na 1998 bishop-bishop suka jefa ƙuri'a. Mutum 526 suka goyi baya, 70 suka ƙi, 45 suka ƙaurace. Shawarar da ta fito ta ce aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya har mutuwa, wanda bai yi aure ba ya kame kansa, aikin luwaɗi da maɗigo bai dace da Nassi ba, taron kuma ba zai ba da shawarar a sa wa irin wannan zama albarka ba. Wannan rabi kowa ya san shi. Amma akwai sauran rabi. Shawarar ta kuma ce masu fama da irin wannan sha'awa Allah yana ƙaunarsu, a saurare su, a yi musu hidima da tausayi, a kuma ƙi tsoro da ƙiyayya marasa dalili a kansu. Tun daga ranar, kowane ɓangare yana karanta rabin da ya yi masa daɗi da babbar murya, ɗaya rabin kuma ya haɗiye shi.

Shekara biyar kacal aka yi. A 2002 wata dayosis a Kanada ta amince da sa albarka ga irin wannan zama. A 2003 dayosis ta New Hampshire a Amurka ta zaɓi Gene Robinson bishop, mutumin da yake zaune a fili da ɗan'uwansa namiji. Shugabannin ikilisiyoyi suka taru a Landan a watan Oktoba suka yi gargaɗi cewa in aka ci gaba, zumunta za ta yage har gindinta. Ran 2 ga Nuwamba aka naɗa shi. Ka tuna da misalin dattijon da ba shi da mabuɗin rumbu? A nan ne abin ya fito fili.

Ya kamata mu ji abin da mutanen Amurka suka ce, don kada mu yi musu shaidar zur. Sun ce ikilisiya ta taɓa kare bauta da ayoyi, daga baya ta gane kuskurenta. Sun ce ayoyin da suka hana wannan abu suna magana ne a kan lalata da cin zali, ba a kan mutum biyu da suka yi alkawarin zama da aminci ba. Suka kuma jefo mana wata tambaya da ta taɓa gidajenmu. A 1888 taron Lambeth ya ce kada a yi wa mai mata da yawa baftisma. Wannan doka ta sa hawaye a ƙauyuka da yawa, gama akwai dattawan da suka sallami mata da 'ya'ya don su shiga ruwa, akwai kuma waɗanda suka mutu a bencin baya. Sai a 1988, bisa roƙon bishop-bishop na Afirka, aka ce ana iya yi masa baftisma tare da matansa masu bi, muddin ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba, jama'ar ikilisiyarsa kuma sun yarda. To, in ji su, an sassauta muku saboda halin ƙasarku, don me ba za a sassauta mana saboda halin tamu ba?

Tambaya ce mai nauyi. Amsar da bishop-bishop na Afirka suka bayar ita ce, ba wanda ya ce a 1988 auren mata da yawa shi ne nufin Allah. An bar koyarwa a inda take, an dai ji tausayin wanda bishara ta same shi a cikin halin, aka kuma hana shi ƙarawa. Ba a shirya addu'ar ɗaura aure na biyu a majami'a ba. Abin da Amurka ta yi dabam ne, gama ta ɗauki abin da Nassi ya kira zunubi ta sa masa albarka. Suka kafa hujja da Farawa 2:24, da Matiyu 19:4-6 inda Yesu da kansa ya koma ga halittar namiji da mace, da Romawa 1:26-27, da 1 Korintiyawa 6:9-11. A wannan wuri na ƙarshe Bulus ya haɗa maganar da gādon Mulkin Allah. Shi ya sa suka ce wannan ba irin gardamar cin nama da kiyaye ranaku ba ce ta Romawa 14. Ni ma a nan na tsaya, ina kuwa ganin amsarsu ta fi ƙarfi. Sai dai ka karanta jerin da Bulus ya yi a wurin har ƙarshe. Mazinata suna ciki, da ɓarayi, da masu haɗama, da mashaya, da masu zage-zage. Mai wa'azin da yake tsawa a kan zunubin da ke Amurka, ya yi shiru a kan dattijon da ya cinye kuɗin ginin majami'a, bai karanta ayar duka ba. Laifi tudu ne.

Daga 2003 abubuwa suka yi ta gangarawa. Babban Bishop Peter Akinola, wanda ya shugabanci Angilikan ta Nijeriya daga 2000 zuwa 2010, ya zama babbar muryar masu ƙi. A 2005 Nijeriya ta gyara tsarin mulkinta, ta cire maganar cewa zumuntarta da kujerar Kantabari take, ta ce zumuntarta da duk masu riƙe da koyarwar da aka gāda ce. A 2006 aka naɗa wani Bature bishop a Abuja domin ya lura da majami'un Amurka da suka ƙi bin shugabanninsu. Ka ga yadda duniya take juyawa: jikokin waɗanda aka kawo wa bishara su ne suke aika bishop ƙasar Turawa. Amma ɗaya ɓangaren suka ce wannan shiga gonar wani ne, abin da tsohuwar ƙa'idar ikilisiya ta hana. A Amurka aka shafe shekaru ana shari'a a kotu a kan wa yake da ginin majami'a, aka kashe kuɗi mai yawa, ko da yake kowane ɓangare ya san abin da 1 Korintiyawa 6 ya ce a kan kai ɗan'uwa ƙara.

A 2008 masu ƙi suka yi nasu taro a Urushalima, wanda daga gare shi ƙungiyar Gafcon ta fito. Bishop-bishop na Nijeriya, da Uganda, da Ruwanda ba su je Lambeth a shekarar ba, ba su kuma je na 2022 ba. Mutanenmu suna cikin wannan labari ta kowane gefe. Bishop Benjamin Kwashi na Jos ya riƙe sakataren Gafcon daga 2019. A daidai wannan lokaci Bishop Josiah Idowu-Fearon, wanda ya yi shekaru yana bishop na Kaduna, shi ne babban sakataren ofishin tarayyar da ke Landan, daga 2015 zuwa 2022. 'Yan ikilisiya ɗaya, dukansu sun yi kiwo a Arewa, dukansu sun riƙe koyarwar aure ta gargajiya, amma ɗaya ya ga a zauna ciki a gyara, ɗayan ya ga lokacin sabon gini ya yi.

Wannan ya kawo mu ga magana ta uku, wadda a ganina ita ce gindin sauran biyun: wa zai shugabanci gidan, wa kuma yake da maganar ƙarshe?

Dubi lissafi. Angilikan ta Nijeriya akan ce tana da mutum miliyan 18 ko fiye. Ta Amurka ba ta kai miliyan 2 ba. A Ingila masu zuwa sujada a mako ba su kai miliyan 1 ba. Duk da haka kwamitin da ke Ingila ne yake zaɓen Babban Bishop na Kantabari, a miƙa sunan ga Firayim Minista, daga nan ga Sarkin Ingila. A zaɓen 2025, cikin masu ƙuri'a 17, biyar ne kawai aka ware wa ikilisiyoyin tarayyar. Mutanen Afirka da Asiya suka fara tambaya, wannan ba ragowar mulkin mallaka ba ne? Ko cikin waɗanda ba sa goyon bayan Gafcon akwai masu wannan tambaya, har wani kwamitin tarayyar ya kawo shawara a ƙarshen 2024 cewa a sake duba matsayin Kantabari.

A Fabrairu 2023 majalisar Ikilisiyar Ingila ta amince da addu'o'in albarka ga masu zaman jinsi ɗaya, ko da yake ta ce ba ta sauya koyarwar aure ba. Muddin Amurka ce da Kanada, ana iya cewa 'ya'ya ne suka kauce. Yanzu gidan dattijon ne da kansa. Shugabannin ikilisiyoyi da yawa na Afirka da Asiya suka ce ba su ƙara ɗaukar Justin Welby a matsayin na fari a cikinsu ba. A watan Afrilu taron Gafcon a Kigali ya faɗi haka nan.

Amma ba gardamar koyarwa ce ta sauke Welby ba, wannan kuwa abin tsoro ne ga kowane shugaba. Ya sanar da murabus a Nuwamba 2024 bayan wani bincike a kan John Smyth, lauyan da ya yi ta yi wa samari mugun dūka da sunan horon ruhaniya, a Ingila, daga baya kuma a Zimbabuwe. Binciken ya ce an sanar da Welby a 2013, bai kuwa bi maganar yadda ya kamata ba. Waɗanda suka fara rufe asirin tun 1982 limamai ne na ɓangaren masu riƙe da Littafi Mai Tsarki sosai. Sun ce suna kare sunan aikin Allah ne, mutumin kuwa ya ƙetare zuwa Afirka ya ci gaba da cutar 'ya'yan mutane. Dattawan ikilisiya da kuke saurarona, in yarinya ta zo ta ce malamin Makarantar Lahadi ya taɓa ta, me kukan yi? Kukan bincika, ko kukan ce ta rufe baki don kada a ɓata sunan majami'a?

Ran 3 ga Oktoba, 2025, aka sanar da Sarah Mullally, Bishop na Landan, wadda dā ita ce shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila, a matsayin Babban Bishop na Kantabari na 106, mace ta fari a kujerar. Babban Bishop Henry Ndukuba, wanda ya yi bishop a Gombe kafin ya hau shugabancin Nijeriya a 2020, ya ƙi amincewa. Dalili biyu ya bayar: cewa Angilikan da yawa ba su karɓi shugabancin mace a matsayin bishop ba, da kuma wanda ya fi damunsa, cewa tana goyon bayan addu'o'in nan na 2023. Shugaban ikilisiyar Afirka ta Kudu, Thabo Makgoba, shi kuwa ya yi murna da zaɓen. Ran 16 ga wata, shugaban Gafcon, Laurent Mbanda na Ruwanda, ya fitar da sanarwa cewa sun bar igiyoyin nan da na lissafa muku, Littafi Mai Tsarki kaɗai ne tushen zumuntarsu, su ne kuma ainihin tarayyar Angilikan, ba fita suka yi ba. Ya kira taron bishop-bishop a Abuja a watan Maris na 2026. Akwai kuma ikilisiyoyi da yawa a tsakiya, waɗanda suka ƙi abin da Ingila ta yi amma ba su yarda su tsinke igiya gaba ɗaya ba.

Yanzu ka ga abin da ya sa na ce mai cewa "mace ce ta raba su" bai faɗi duka ba. Gafcon kanta tana da ikilisiyoyi masu mata firistoci, har da masu mata bishop-bishop. In da mace ce kaɗai matsalar, da Gafcon ta rabu tun tuni. Gaskiya ne kuma wannan tambaya tana nan tana jiransu a cikin sabon ginin, domin faɗin cewa Littafi Mai Tsarki ne tushe bai gaya mana wa zai raba gardama ba, ranar da Nijeriya da Kenya suka karanta 1 Timoti 2 suka fahimce ta dabam.

Ikilisiyar farko ta gamu da irin wannan. A Ayyukan Manzanni 15 gardama ta tashi a Antakiya a kan ko sai al'ummai sun yi kaciya za su sami ceto. Ba a aika da wasiƙar zagi ba. Aka tashi aka tafi Urushalima, aka zauna ido da ido. Bitrus ya yi magana, Barnaba da Bulus suka ba da labarin abin da Allah ya yi, Yakubu ya auna labarin da maganar annabawa, sa'an nan aka yanke. Masu son sauyi sukan ce, kun gani, an buɗe ƙofa ga waɗanda dā ake ƙyama. Masu ƙi sukan ce, karanta wasiƙar da aka rubuta, fasikanci yana cikin abubuwan da aka ce a guje wa. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya faru da wasiƙar ta isa Antakiya: suka karɓa, suka yi murna, suka bi. Angilikan sun yi nasu taro a 1998, ƙuri'a ta fito sarai, amma ba a bi ba. Sura ɗin nan kuma ba ta ƙare ba sai da Bulus da Barnaba suka yi saɓani mai zafi a kan Markus, kowa ya kama hanyarsa. Nassi bai ce ɗayansu ya la'anci ɗan'uwansa ba, a ƙarshen ransa kuwa Bulus ya aika a kawo masa Markus ɗin nan, ya ce yana da amfani a gare shi.

Ina jaddada wannan saboda abin da ya faru a Taraba. Irin wannan gardama ta raba ɗarikar Metodis ta UMC a 2024, bayan babban taronsu a Amurka ya cire hanin da yake a littafin dokokinsu. A Nijeriya waɗansu suka fita zuwa sabuwar ɗarika, waɗansu suka zauna, alhali kusan dukansu koyarwarsu a kan aure ɗaya ce. Sai rigima ta koma kan wa yake da majami'a, wa yake da makaranta, wa yake da fili. A watan Disamba na shekarar, a Munga Dosso cikin ƙaramar hukumar Karim Lamido, aka ƙone gidaje, aka rasa rayuka, har da na ƙananan yara. Waɗanda suka jefa ƙuri'a a Amurka sun kwana lafiya a gidajensu a daren. Saboda haka in aka kawo takarda majami'arku aka ce ku sa hannu kuna wane ɓangare, ku nemi a karanta muku abin da aka yanke da bakin waɗanda suka yanke, a fassara shi da harshenku, dattawa maza da mata su ji. Ku tambaya a fili me zai faru da gini da asusu kafin zuciya ta ɓaci. Samarinku kuma kada wanda ya je taron da sanda a hannu.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu buɗe Romawa 16 mu bi sunayen da Bulus ya gaisar ɗaya ɗaya. Ku karanta surar a gida kafin nan, ku sa yara su ƙidaya mata nawa ne a ciki, da aikin da aka ce kowace ta yi. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku. Sai mun sadu.